Babi na Shida: Tiyon Hita da Motar da ke Tafasa a Layin Magama

Kusan duk motar da ke lodi a tashar Jibiya, ko take jiran a duba takardunta a Magama kafin ta wuce Ɗan Isa ta nufi Maraɗi, ba don ƙasarmu aka ƙera ta ba. Golf 3 mai dogon baya, da Sharon, da Peugeot 406, da tsofaffin Toyota iri-iri, an tsara su ne saboda mutumin da zai fito da safe a Jamus ko Beljiyam ya tarar ƙanƙara ta rufe masa gilashi. Can suka yi ƙuruciyarsu. Da suka tsufa aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Kwatano, aka tuƙo da yawansu ta Gaya da Doso da Birnin Ƙonni har Maraɗi, suka shigo ta nan. Haka aka yi shekaru ana yi, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. Golf 3 mai dogon baya an daina ƙera ta tun 1999, ke nan autarsu a cikin masu jigilar fasinja da buhunan hatsi a wannan hanya ta haura shekara 25. Kuma kowacce da hita ta zo.

A garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 da rana, wa zai kunna hita? Direba kan yi shekara goma da mota bai taɓa murɗa makunninta ba, sai dai ko da asubar Disamba ko Janairu idan hunturu ya yi tsanani. Daga nan kuskuren yake farawa. Tunda ba a kunna ta, sai a ɗauka barci take yi, babu ruwanta da tafiyar mota. Alhali a yawancin motocin nan ruwan inji mai zafi yana ratsa ta tun daga tayar da mota har kashe ta, an kunna ko ba a kunna ba. Tiyo biyu ne ke kai mata ruwan su dawo da shi, kowanne bai fi babban yatsa kauri da yawa ba, kuma suna ɓoye a bayan inji inda ido ba ya kaiwa. Idan ɗayansu ya fashe inji ya ƙone, a gareji sai a ce obahitin ne, a rufe magana, ba a tambayi ta ina ruwan ya tsere ba.

Sai mun bi hanyar ruwan kafin mu gane abin da ke faruwa. Daga man da inji ke ƙonawa, abin da ke zama ƙarfin juya taya bai cika kashi ɗaya cikin uku ba. Kusan kashi ɗaya yana ficewa ta salansa, ragowar kuma zafi ne da ke maƙalewa a jikin ƙarfe, wanda dole ruwa ya kwashe shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ya zagaya ramukan da ke cikin jikin inji da kan silinda, ya ɗauko zafin, ya kai shi lagireto a gaba, iska ta fifita shi, ya dawo. A tsakani akwai tamostat, wata 'yar ƙofa da ke buɗe kanta idan ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon irin motar. Wannan ita ce babbar hanya, kowane yaron gareji ya san ta. Amma akwai ƙarama da ke yin reshe daga kan silinda, ta ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da fasinja, ta shiga wani ɗan ƙaramin lagireto da ke bayan dashbod, ta fito ta koma wajen famfo. Wannan ɗan lagireton shi ne hitar. Zafin inji ne ke ɗumama shi, dabara ce da masu ƙera motoci a Amurka suka fara tun shekarun 1930. A wasu tsofaffin motoci akwai bawul da ke tsayar da ruwan idan an kashe hita. Golf 3 da ire-irenta ba su da shi: makunnin da ke gaban direba wani ɗan marfi kawai yake juyawa ya hana iska bi ta kan hitar, ruwa kuwa yana ta wucewa abinsa.

Sai batun matsi. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, inji kuwa dab da nan yake aikinsa, wajen 90 zuwa 105. Abin da ke hana ruwan tafasa shi ne murfin lagireto, ko murfin tankin robar da ke gefe, wanda ke riƙe matsin da ya kai bar 1 zuwa 1.5, a motoci da yawa lambar na rubuce a kan murfin. Da wannan matsi, ruwa ba ya tafasa sai ya kai digiri 120 ko fiye. Duk inda ruwan ya shiga matsin yana biye da shi, har cikin tiyon hita, ko da akwai bawul ɗin da ya tsayar da gudunsa. Idan tiyon ya tsage, asara biyu ake yi a lokaci guda. Ruwa yana zuba, matsi kuma ya tafi, sai ragowar ruwan ya fara tafasa a zafin da jiya bai dame shi ba. Shi ya sa tsagar da ba ta kai faɗin farce ba take iya ajiye mota da fasinjanta a gefen titi.

To me ya sa abin ya fi faruwa a hanyar boda? Idan mota na gudu, iskar da ke bugun gabanta ce ke yin mafi yawan aikin sanyaya lagireto, famfo kuma yana juyawa da sauri. Daga Katsina zuwa Jibiya kilomita 45 ne ko kusa da haka, amma ba tafiya ce ta miƙewa ba. Shinge ne bayan shinge, ga kwastan, ga 'yan sanda, ga sojoji, ga imigireshan, a tsaya, a matsa kaɗan, a sake tsayawa. A Magama a shiga layi, a tsallaka kuma a tarar da na jandarma da duwan a Ɗan Isa. Mota ta sha lodi, fasinja huɗu a baya biyu a gaba, but ya ƙi rufuwa sai da igiya. Direba ba ya son kashe inji domin bai amince da batir ko kik ba. A tsaye babu iska sai wadda fanka ta jawo, famfo yana juyawa a hankali, zafi ya taru a ƙarƙashin bonet, kuma inda ya fi taruwa shi ne lungun bayan inji, mazaunin tiyon hita, a wasu motocin ma dab da bututun hayaƙi. Ko an kashe motar, a mintocin farko zafin ruwan ƙaruwa yake yi, domin famfo ya tsaya amma ƙarfe bai huce ba. Saboda haka tiyo bai cika fashewa a guje ba, sai an tsaya.

Shekarun baya-bayan nan ma ba su taimaka ba. An rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, aka buɗe a Maris 2024. Direban da sana'arsa ta tsaya cak, abincin gida zai fara nema kafin ya tuna da tiyo. Wasu motocin sun yi watanni a ajiye da ruwa mai tsatsa kwance a cikinsu, wasu kuma sun koma bin hanyoyin daji cikin yashi da giya ɗaya da biyu, inji na kuka, iska ba ta shiga. Duka biyun roba ce ke biyan kuɗinsu.

Robar da ake yin tiyon ruwa da ita ana kiranta EPDM, da zare a tsakiyarta don ƙarfi. Tana jure zafi da tururi, amma tana da abokan gaba biyu. Na farko baƙin mai. Idan gasket ɗin murfin inji yana yoyo, mai yana ɗiga a kan tiyo, robar sai ta kumbura ta yi laushi ta fara danƙo. Na biyu ya fi wuyar ganewa, domin daga ciki yake ci. Ruwan da ya tsufa a cikin inji, yana taɓa ƙarfe da alminiyom da tagulla, yakan ɗauki wata 'yar ƙaramar wutar lantarki, ita kuma tana tsattsaga cikin tiyon a hankali, musamman kusa da bakinsa inda ya haɗu da ƙarfe. Aikin gara ne a jikin azara: daga waje lafiya lau, ciki kuwa an gama. Don haka kallo ba ya wadatarwa, sai an taɓa. Da safe, inji na sanyi, a matsa tiyon da yatsu biyu kusa da kowane baki, sannan a matsa tsakiyarsa. Lafiyayye yana da tauri mai dawowa. Idan baki ya fi tsakiya laushi, ko aka ji yana ƙaras-ƙaras a ciki, ko ya sandare ya ƙi lanƙwasa, ko ya kumbura a bayan kilif, kwanansa ya ƙare ko da bai fara zuba ba.

Direbobi da yawa sukan ce, "Motata tana shan ruwa," su ƙara galan guda kowace safiya kamar wani farilla. Mota ba ta shan ruwa. Hanyar ruwan a rufe take, lafiyayyar mota tana wata da watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba. Idan ya ragu, to wani wuri ya bi. Matsalar tiyon hita ita ce ɗigonsa kan sauka a kan giyabos mai zafi ya bushe kafin ya kai ƙasa, sai a duba ƙarƙashin mota a ga babu jiƙa. Abin nema shi ne sawun da ya bari: farin gishiri-gishiri ko jan tsatsa a bakin kilif, ko kore ko ruwan hoda idan akwai kulant a ciki, da wani wari mai zaƙi-zaƙi idan an ɗaga bonet. In kuwa kafet ɗin ƙasan kujerar gaba ne ke jiƙewa, gilashi yana yin hazo mai maiƙo daga ciki, to hitar ce da kanta ta huje. A Golf a duba har da robar nan mai tauri da aka ɗaure a gefen kan silinda, inda tiyon ke fitowa. Tsagewarta sananniyar cuta ce a wannan mota, kuma sau da yawa a kan ɗora wa tiyo laifinta.

Akwai abu ɗaya da nake so kowane direba ya riƙe ko da ya manta da sauran babin nan. Allurar zafi da ke dashbod zafin ruwa take aunawa. Idan ruwan ya zube gaba ɗaya, na'urar da ke aika mata saƙo tana rataye ne a cikin iska, sai allurar ta hau, can kuma ta sauko da kanta. Direba ya yi hamdala, ya ce mota ta huce, ya taka totur. A daidai wannan lokacin kan silinda yake gasuwa ba ruwa. Alminiyom ne, ba ya jure haka: zai lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, in aka ci gaba fistin ya kama. Tiyon da kuɗinsa bai kai na lodi ɗaya ba sai ya jawo sauke inji. Allurar da ta hau ta sauko ba tare da an yi komai ba, alamar a tsaya nan take ce.

Idan abin ya faru a hanya, a sauka gefe a kashe inji. Kada a taɓa murfi. Ruwan da ke ƙarƙashinsa ya wuce digiri 100, matsi ne kaɗai ya riƙe shi, ana buɗewa zai zama tururi ya yi tsiri a fuska da ƙirji, kuma yawanci yaron mota ake turawa ya buɗe. A jira aƙalla rabin awa, a sa tsumma a matsa babban tiyon sama. In har yana da tauri, da sauran matsi. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, ciki ko waje, domin ƙarfen da aka sanyaya farat ɗaya tsagewa yake yi. Bayan ya huce, idan tsagar tana kusa da baki kuma tiyon yana da rara, a yanke wurin a mayar da shi a ɗaure. Idan a tsakiya take, a yanke a haɗa da guntun bututun ƙarfe da kilif biyu. In babu ko ɗaya sai robar tsohon tub, a busar da wurin a naɗe shi tam, a cika ruwa, a sassauta murfi kaɗan don kada matsi ya taru, a tafi a hankali ido na kan allura. Ba na ganin laifin wanda ya ɗaure tiyo da roba a wannan hanya. Kowa ya san halin tsaro a ƙasar Jibiya, babu mai son magariba ta riske shi da fasinja a daji. Laifin yana kan wanda Allah ya kai shi gari lafiya, ya bar robar nan ta yi wata uku.

Canjin na gaskiya aikin awa ɗaya ne ko biyu, amma yana son natsuwa. Tun a wajen saye ake fara cin nasara ko faɗuwa. Yawancin tiyon hita faɗin cikinsa milimita 16 ne ko 19, kuma a je da tsohon a gwada ya fi a yi kirdado. Wanda ya yi faɗi ba kilif ɗin da zai hana shi yoyo, wanda ya matse kuma tsagewa zai yi a wajen turawa. Tiyon fetur ko na ban ruwan lambu ba ya wannan aiki, kowanne da irin robarsa. Idan na asalin mai lanƙwasa ne, a nemi mai lanƙwasa, domin miƙaƙƙe in aka tilasta masa kwana zai karye a gwiwa ya shaƙe ruwan. Sai tambayar da ake yi kullum: sabo ko ɗan Beljiyam? A kayan ƙarfe, na Beljiyam da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna sau da yawa ya fi sabon jabu. A roba kuwa ba haka ba ne. Tiyon da aka ciro daga motar da aka yanka sa'an wanda ya fashe maka ne, shekarunsu ɗaya. A nemi sabo mai kyau, a yanki bakinsa a ga zaren da ke ciki. Kuma a canza duka biyun, mai kaiwa da mai dawowa, tunda rana ɗaya aka saka su, wuta ɗaya suka sha.

Inji na sanyi za a fara. A tara ruwan a roba ta ƙasan lagireto, ba sai an zubar da duka ba, ya dai sauka ƙasa da inda tiyon yake. A lura da wanne ke shiga wanne baki kafin a cire, a yi alama ko a ɗauki hoto da waya. A sassauta kilif a ja shi baya. Nan ne wurin da ake ɓarna. Tiyon da ya shekara ashirin a wuri ɗaya ya manne da bututun, bakanike mai gaggawa sai ya kama shi da filaya ya murɗa, ko ya cusa sukudireba ya ɓanɓara. Bututun hita siririn alminiyom ne ko tagulla ko roba mai tauri da zafi ya gasa, yana karyewa ko ya tsage daga can ciki inda ya haɗu da hitar. An zo canza tiyo, an koma sauke dashbod. Hanyar da ta dace ita ce a sa reza a tsaga tsohon tiyon a tsaye, a hankali don kada a karci bututun, a ɓare shi. Ai dama zubar da shi za a yi.

A goge bututun tas, a cire tsatsa da ragowar roba. A zura kilif a jikin sabon tiyo tun kafin a saka shi. In ya yi tauri a jiƙa bakinsa da kulant ko ruwan sabulu, ban da giris ko baƙin mai, mun riga mun ga abin da mai ke yi wa wannan roba. A tura shi ya wuce ɗan tudun da ke bakin bututun, kilif kuma ya zauna a bayan tudun, ba a kansa ba. Kilif iri biyu ne. Akwai na asali mai sifirin, wanda ake buɗewa da filaya, akwai kuma mai noti da ake ɗaurewa da sukudireba. Makanikai sun fi son na biyu don sauƙi, har sukan yar da na farko. Ni kuwa na fi ganin darajar mai sifirin in bai mutu ba, domin yana bin robar, ta kumbura da zafi ya buɗe, ta tsuke da sanyi ya matse, kuma ba ya fasa bututun roba. Mai noti a inda aka bar shi nan yake tsayawa, shi ya sa dole a sake ɗaure shi bayan kwana biyu, kuma in aka ƙure shi yana yanka tiyon. Wayar ɗauri kuwa ba kilif ba ce. Daga ƙarshe a bi tiyon da hannu a tabbatar ba ya gogar ƙarfe, ba ya taɓa bututun hayaƙi, ba ya kusa da abin da ke juyawa.

Cika ruwa ma aiki ne. Hita tana daga cikin wurare mafi tsayi a hanyar ruwan, iska kan maƙale a cikinta, kuma iskar da ta maƙale tana iya sa mota ta tafasa ko da babu yoyo. A juya makunnin hita zuwa zafi, a zuba ruwa sannu a hankali. Motocin Peugeot irin su 406 suna da ƙananan notin fitar da iska a hanyar ruwan, a buɗe su har sai ruwa ya fito babu kumfa sannan a rufe. A tayar da mota a bar ta har babban tiyon sama ya yi zafi, fanka ta tashi ta tsaya da kanta. A sa hannu a gaban iskar hita: in tana fitowa da zafi, ruwa ya zagaya, in sanyi ce alhali inji ya yi zafi, da sauran iska a ciki ko ruwa bai cika ba. A kashe, a bari ta huce, a ƙara abin da ya ragu, a sake dubawa washegari da safe.

Da wuya a kai mota gareji da wannan matsala ba a ji wannan shawara ba: "Oga, hitar nan me za ka yi da ita a Jibiya? Mu kashe ta kawai ka huta." Direba kuma ya ce, "To Malam, yi yadda ka gani, fasinja na jira." Ba kullum shawarar take zama kuskure ba. Idan hitar ce da kanta ta huje, canza ta yana buƙatar sauke dashbod gaba ɗaya, aikin yini ne da kuɗi mai nauyi, mai motar haya kuma yana da abin da ya fi wannan gaggawa. Amma kashewa iri biyu ce. Mai kyau ita ce a cire tiyo biyun daga hitar a haɗa su da juna da guntun bututu, ruwa ya ci gaba da zagayensa. Maras kyau, wadda aka fi yi, ita ce a yanke tiyon a cusa tsohon fulogi ko noti ko guntun icce a kowane baki a ɗaure. A wasu injunan, wannan ƙaramar hanya ce ruwa ke bi ya zagaya kan silinda kafin tamostat ya buɗe, toshe ta yana barin zafi ya taru a wuri ɗaya. Ban da haka, guntun tsohon tiyon da aka bari yana nan da ruɓarsa, matsi yana dukansa, wata rana fulogin zai yi tsalle ruwan ya ƙare cikin minti ɗaya.

In kuwa tiyo ne kawai ya lalace, hitar lafiyarta lau, ban ga dalilin kashe ta ba. Da damina, a ruwan Agusta, ita ce ke share hazon gilashi idan an rufe tagogi mota cike da mutane. Fiye da haka, lagireto ne na biyu da direba ke da shi a ajiye. Idan ana layi a Magama allura ta fara hawa kuma ruwa yana nan, a kashe na'urar sanyi in akwai, a buɗe tagogi, a kai hita ƙarshen zafi, fankarta ma ƙarshe. Fasinja za su yi ƙorafi, amma zafin da ke dukan ƙafafunsu daga inji aka zare shi, kuma sau da yawa ya isa ya riƙe allura har layi ya motsa. Wanda ya kashe hita ya rabu da wannan. Shi ma cire tamostat da ake yi da sunan maganin zafi, a haɗa fanka kai tsaye, ɓoye cuta ne. Injin da ba ya kaiwa zafin aikinsa ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, yoyon kuma yana nan inda yake.

Sabon tiyo ba zai daɗe ba idan aka mayar masa da ruwan da ya kashe tsohon. Ruwan rijiya da na burtsatse da na dam suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin siraran bututun lagireto da hita, kuma ruwa zalla ba ya hana tsatsa. Ana ɗauka kulant na ƙasashen ƙanƙara ne. Hana daskarewa ɗaya ne kawai daga ayyukansa. Yana ɗauke da sinadaran da ke kare ƙarfe da alminiyom daga ci, kuma idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa, kamar yadda yawancin kamfanoni ke cewa, tafasa ba ta zuwa sai wajen digiri 107 tun kafin a sa lissafin murfi. A haɗa shi da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba, in babu a tace ruwan sama mai tsabta. Kada a gauraya iri biyu: a motocin Volkswagen, G11 mai shuɗi ko kore da G12 mai ja ba sa jituwa, haɗa su yana iya yin laka a ciki. Launi kaɗai kuma ba shaida ba ne, a karanta jikin galan. Tsohon kulant da aka tara kada a kwarara shi a ƙasa ko a bar shi a robar fiya wata. Guba ne mai zaƙi, yana lalata ƙoda, ga awaki suna yawo a gareji, ga yara.

Kirana ga direbobin wannan hanya, da shugabannin ƙungiyarsu a tashoshin Katsina da Jibiya da Maraɗi, shi ne a mayar da wannan cikin abin da ake dubawa kafin lodi, kamar taya da birki. Kowace mota ta riƙe mita ɗaya na sabon tiyo daidai da nata, da kilif huɗu, da guntun bututun ƙarfe, da reza, da sukudireba, da jarkar ruwa mai lita 5. Duka ba su cika lungun but ba. Kai kuma mai karatu, gobe da safe kafin ka tayar da motarka, ɗaga bonet ka zura hannu bayan inji, ka nemo tiyo biyun nan da suka shige bango, ka matsa su. In ka ji laushi a baki ko ƙaras-ƙaras a ciki, ka canza su a makon nan, kada ka jira layin boda.